Tasirin Buɗe Dandalin Epic Universe a Kan Darajar Mallakar Karɓa-Karɓa ta Disney Vacation Club

Tsakure

A ranar 22 ga Mayu, 2025, kamfanin Universal ya buɗe sabon dandalin nishaɗi mai suna Epic Universe a birnin Orlando na jihar Fulorida da ke Amurka. Wannan maƙala ta nazarci hanyoyin da zuwan wannan abokin gasa zai iya taɓa darajar masaukan hutu na karɓa-karɓa da mutane suka saya a ƙarƙashin tsarin Disney Vacation Club. An bi hanyar ƙalailaice sharuɗɗan mallakar tare da waiwayar tarihin gasar kamfanonin biyu. Maƙalar ta gano cewa tasirin yana biyowa ta farashin ɗakin otal, da darajar kusanci, da martanin da Disney ya mayar. Haka kuma nauyinsa yana bambanta gwargwadon shekarun da suka rage wa kowace yarjejeniya.

Fitilun kalmomi: mallakar karɓa-karɓa, dandalin nishaɗi, maki, gasa, daraja.

1.0 Gabatarwa

Birnin Orlando yana karɓar baƙi fiye da miliyan 70 a shekara, kuma dandalolin nishaɗi su ne ƙashin bayan wannan kasuwa. Tun daga shekarar 1971 da aka buɗe Walt Disney World a gefen birnin, kamfanin Disney ne ke riƙe da kambu. Saboda wannan fifiko ne iyalai masu yawa suka zuba dubban daloli suka sayi haƙƙin kwana a masaukan kamfanin na tsawon shekaru masu yawa nan gaba. Wanda ya yi haka ya ɗaure hutunsa da dukiyarsa ga wuri guda, bisa zaton cewa sha'awar wurin za ta ɗore. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: idan aka yi wa uwargida amarya mai jan hankalin baƙi, mene ne makomar darajar abin da waɗannan mutane suka mallaka?

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Dandalin Nishaɗi Mai Jigo

Wannan wuri ne mai faɗi da ake biyan kuɗin shiga, inda aka gina lilo da jiragen wasa da gidajen abinci da shaguna a kan wani labari ko fim, ta yadda mai ziyara zai ji kamar ya shiga duniyar labarin. Kalmar jigo a nan ba ta yi nisa da yadda masana adabi suke amfani da ita ba, domin ita ce ginshiƙin da sauran abubuwa suke rataye a kansa.

2.2 Mallakar Karɓa-Karɓa

An zaɓi wannan suna ne domin bayyana tsarin da mutane da yawa suke tarayya a masauki guda, kowa yana da nasa rabon kwanaki a shekara. Mai saye yana biyan dunƙulallen kuɗi tun farko, sannan ya riƙa biyan kuɗin ɗawainiya duk shekara domin gyara da albashin ma'aikata da haraji da inshora. Ko ya je hutu ko bai je ba, wannan kuɗi yana kansa.

3.0 Tsarin Disney Vacation Club

An fara wannan tsari a shekarar 1991 da masaukin da yanzu ake kira Old Key West. Mai saye ba ya samun tsayayyen mako. Abin da yake samu shi ne adadin maki a kowace shekara, waɗanda yake kashewa wajen kama ɗaki. Yana iya ajiye makin bana zuwa baɗi, ko ya ranto na baɗi ya yi amfani da su bana. Akwai sharuɗɗa huɗu da suka shafi wannan nazari kai tsaye.

Na farko, kowane mai saye yana da masaukinsa na asali. A can yana iya kama ɗaki tun saura wata 11, amma a sauran masaukan sai saura wata 7. Na biyu, mallakar tana da wa'adi. Yarjejeniyoyin Beach Club Villas da BoardWalk Villas da Boulder Ridge za su ƙare a shekarar 2042, na Saratoga Springs a 2054, na Bay Lake Tower a 2060, na Polynesian a 2066, na Riviera kuwa a 2070. Da wa'adi ya cika, haƙƙin mai saye ya ƙare. Na uku, idan mai mallaka ya daidaita da wani zai sayar masa, Disney yana da ikon shiga tsakani ya saya a kan farashin da aka daidaita, wani haƙƙi mai kama da shuf'a a fiƙihu. Na huɗu, tun daga watan Janairun 2019 kamfanin ya taƙaita amfanin makin da aka saya daga hannu na biyu. Wanda ya sayi makin tsofaffin masaukai ta wannan hanya ba zai kama ɗaki a Riviera ba, wanda kuma ya sayi na Riviera ba zai yi amfani da su a wani masauki ba.

Daga waɗannan sharuɗɗa za a iya raba darajar mallakar gida uku: darajar amfani, wato rarar da mai ita yake samu idan aka kwatanta da biyan kuɗin otal, darajar haya, wato abin da zai samu idan ya ba wani makinsa na shekara, da darajar sake sayarwa.

4.0 Waiwaye a Kan Tarihin Gasar

Universal ya shigo Orlando a shekarar 1990 da Universal Studios Florida, ya ƙara Islands of Adventure a 1999. Sai dai gasar ba ta yi zafi sosai ba sai a 2010, lokacin da ya buɗe sashen Harry Potter, wanda ya ɗaga yawan masu ziyararsa matuƙa. Disney bai zauna ya zuba ido ba. Ya faɗaɗa Fantasyland a 2012, ya buɗe Pandora a 2017, Toy Story Land a 2018, sai Star Wars: Galaxy's Edge a 2019. A cikin waɗannan shekaru Magic Kingdom ya ci gaba da zama dandalin da ya fi kowanne baƙi a duniya, kuma kamfanin ya ci gaba da gina sababbin masaukan karɓa-karɓa yana sayarwa.

Duk da haka, bai kamata a ɗauki abin da ya faru a 2010 a matsayin ma'auni cikakke ba. Sashen Harry Potter ƙari ne a cikin dandalin da yake akwai. Epic Universe kuwa cikakken dandali ne mai sassa biyar, ciki har da Super Nintendo World da Dark Universe, kuma ya zo da otal uku: Helios Grand da Stella Nova da Terra Luna. Idan aka haɗa shi da tsofaffin dandaloli biyu da wurin wasan ruwa na Volcano Bay, Universal ya kai matsayin da iyali za su iya cinye yawancin makon hutunsu a wajensa. A da ana kwana a Disney a leƙa Universal na yini ɗaya ko biyu. Yanzu akasin haka ma mai yiwuwa ne.

5.0 Hanyoyin da Tasirin Yake Bi

5.1 Farashin Ɗakin Otal

Wannan ita ce hanya mafi muhimmanci, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Ribar mai maki ba kuɗi ba ne da ake ba shi a hannu. Ita ce tazarar da ke tsakanin abin da yake kashewa da abin da zai biya da a ce ya kama ɗakin da tsabar kuɗi. Idan gasa ta tilasta wa Disney yin rangwame domin cika otal-otal ɗinsa, wannan tazara za ta tsuke, alhali kuɗin ɗawainiya ba ya sauka, domin shi yana bin tsadar gyara da albashi da inshora ne.

Ga misali da ƙagaggun alƙaluma domin fito da lissafin fili. A ce mutum ya sayi maki 150 a kan dala 120 kowanne, jimla dala 18,000, kuma saura shekara 17 wa'adi ya cika. Ke nan kuɗin sayen yana cin kimanin dala 1,060 a shekara. Idan kuɗin ɗawainiya dala 9 ne a kan kowane maki, wato dala 1,350, abin da yake kashewa a shekara ya kama dala 2,410. A ce kuma makon da makin suke ba shi ana biyan dala 3,500 a kansa da tsabar kuɗi. Rararsa dala 1,090 ce. To, idan aka yi rangwamen kashi 25 cikin ɗari, ɗakin ya koma dala 2,625, rarar kuma ta koma dala 215 kacal. Rangwamen rubu'i ya cinye kusan kashi huɗu cikin biyar na ribar. Gasar da take yi wa baƙo mai biya nan take daɗi, ita ce take rage wa wanda ya riga ya biya.

Darajar haya ma tana bin wannan sawu. Mai karɓar hayar maki yana yin haka ne don ya fi sauƙi a kan farashin kamfani. Da zarar kamfani ya sauko, dole mai ba da haya ya sauko.

5.2 Darajar Kusanci

Masaukan ba su zama ɗaya ba. Daga Bay Lake Tower ana takawa da ƙafa zuwa Magic Kingdom, daga Beach Club da BoardWalk ana takawa zuwa EPCOT, Riviera kuma yana kan layin kekunan sama na Skyliner. Wani kaso na tsadar makin waɗannan masaukai kuɗin kusanci ne. Duk ranar da mai masauki ya tashi ya nufi Epic Universe, ya biya kuɗin kusancin da bai amfana da shi ba, ga kuɗin mota a kai, kuma ya rasa damar shiga da wuri da Universal yake bai wa baƙin otal-otal ɗinsa.

Masaukai irin su Saratoga Springs da Old Key West, waɗanda dama sai an hau mota kafin a kai kowane dandali, ba su da wannan asara sosai, domin ba a ɗora kuɗin kusanci mai yawa a farashinsu ba tun asali. Sannan sassaucin tsarin maki yana rage raɗaɗin. Iyali suna iya kwana huɗu a Disney da maki, su koma otal ɗin Universal na kwana uku, su ajiye ragowar makin zuwa baɗi. Sai dai wannan dabara tana da nata sakamako: wanda ya ga maki 100 sun ishe shi ba zai sayi 150 ba, kuma raguwar buƙata tana taɓa farashi.

5.3 Martanin Disney da Ragowar Wa'adi

A watan Satumban 2023 Disney ya sanar da shirin kashe kimanin dala biliyan 60 cikin shekara goma a harkar dandaloli da jiragen ruwansa. A watan Agustan 2024 ya bayyana sababbin sassa a Fulorida, ciki har da na miyagun taurarin finafinansa da na Cars a Magic Kingdom, da na Monsters, Inc. a Hollywood Studios, da Tropical Americas a Animal Kingdom. Idan waɗannan ayyuka suka kammala, za su ƙarfafa sha'awar kwana a masaukan kamfanin, kuma mai maki zai ci moriyarsu ba tare da an ƙara masa kuɗin saye ba.

Amma gini yana cin shekaru, kuma a nan ne wa'adi yake raba masu mallaka gida biyu. Rangwame yana zuwa da wuri, sababbin gine-gine suna zuwa a makare. Mai yarjejeniyar 2066 ko 2070 zai jure shekarun farko, ya kuma daɗe yana cin gajiyar abin da aka gina. Mai yarjejeniyar 2042 zai sha ɗacin shekarun farko daidai da shi, amma shekarun girbinsa kaɗan ne, kuma kowace shekara da ta wuce tana zaftare wani babban kaso na abin da ya rage masa.

5.4 Kasuwar Sake Sayarwa

Ikon da Disney yake da shi na shiga ciniki ya saya yana tallafar farashi, domin mai saye yana tsoron taya ƙasa-ƙasa a ƙwace masa cinikin. Sai dai wannan iko zaɓi ne, kamfanin bai yi wa kowa alƙawarin amfani da shi ba. Yana saye ne idan yana da tabbacin sake sayarwa da riba. Idan gasa ta rage masu saye daga hannunsa, zai rage karɓa, kuma tallafin zai janye a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Wajibi ne kuma mai nazari ya yi hattara wajen jingina kowace faɗuwar farashi ga abokin gasa. Ruwa ba ya tsami banza, amma dalilin tsaminsa yana iya wuce ɗaya. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga 2022 har ya haura kashi 5 cikin ɗari a 2023, abin da ya tsananta wa masu saye da bashi tun kafin a buɗe Epic Universe. Ƙa'idojin 2019 da hauhawar kuɗin ɗawainiya da ƙaratowar wa'adi duk suna aiki a lokaci guda.

6.0 Matsayin Sauran Kamfanoni

Universal ba shi da nasa tsarin karɓa-karɓa, don haka babu sabon maki da ya shigo kasuwa yana gogayya da na Disney. Waɗanda suka fi samun saukin lamarin su ne masu mallaka a kamfanoni irin su Marriott Vacations Worldwide da Hilton Grand Vacations da Westgate, waɗanda suke da masaukai a yankin International Drive da kewayensa, kusa da sabon dandalin. Su ba su jingina da kamfanin nishaɗi guda ba, saboda haka ƙarin dandali ƙarin dalilin zuwa ne. Wannan yana inganta darajar amfani. Ba lallai ya gyara darajar sake sayarwa ba, domin a wannan harka gaba ɗaya farashin hannu na biyu ya saba kasancewa ƙasa ƙwarai da na kamfani.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa buɗe Epic Universe bai rage wa mai mallaka ko kwana ɗaya daga haƙƙinsa ba. Abin da ya canja shi ne ma'aunin da ake auna darajar waɗannan kwanaki da shi. Wanda ya fi fuskantar haɗari shi ne mai gajeren wa'adi a masauki mai tsadar kusanci, musamman idan ya saya da bashi ko yana dogaro da ba da haya. Wanda ya fi tsira shi ne mai dogon wa'adi da yake amfani da makinsa da kansa kowace shekara. Ga mai son bibiyar lamarin, alamomi uku ne suka fi cancantar sa ido: girman rangwamen da Disney yake yi a manyan otal-otal ɗinsa, yawan cinikin hannu na biyu da yake karɓewa, da saurin hauhawar kuɗin ɗawainiya. Idan rangwame ya daɗe, karɓewa ta ragu, kuɗin ɗawainiya kuma ya ci gaba da hawa, to darajar tana zaizayewa ko da dandalolin Disney suna cike da jama'a.