Idan fasfo ya ɓata a Abijan, wace ƙofa za mu buga?

Jama'a, darasinmu na wannan fitowa ya shafi iyalan da ke da ɗa, miji ko ƙane da ke neman abinci a Abijan, da masu shirin tafiya. Duk wanda ya san tashar Adjamé ya san cunkoson gbaka da 'yan dako, inda aljihu ke yin sauƙi ba a sani ba. A Treichville kuma, kusa da tashar jiragen ruwa, mutanenmu kan kwana da yawa a ɗaki guda, jaka ta yi ƙafa cikin dare. Ɓatan fasfo ba abin kunya ba ne, kada a ɓoye.

A ranar da abin ya faru, a je kwamisariyar 'yan sanda ta unguwar a ba da rahoto, a karɓi takardar shaidar ɓata, wadda a Faransanci ake kira déclaration de perte. A duba a ga an rubuta suna daidai da na fasfo, don harafi ɗaya kan jawo zirga-zirgar makonni. Da wannan takarda ake kare kai a shingen bincike, kuma kowane ofishi zai tambaye ta.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma nan ne muke son a natsu.

Wanda ya je ci-rani kawai, ofishin jakadancin ƙasarsa zai nufa. Can ake neman sabon fasfo, ko takardar komawa gida ta gaggawa, wadda ta tafiya ɗaya ce. Ɗan Najeriya ya riƙe lambarsa ta NIN, sai da ita ake fasfo. Tun 2007 Kodebuwa ta soke katin zama ga 'yan ƙasashen CEDEAO, don haka katin ofishin jakadanci na da amfani sosai. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025. 'Yan waɗannan ƙasashe su tambayi ofishin jakadancinsu ƙa'idar da ake bi yanzu, kada su dogara da labarin tasha.

Amma wanda aka yi wa rajistar ɗan gudun hijira, ko yake jiran amsa, kada ya taka ofishin jakadancin ƙasar da ya gudo. Yarjejeniyar Janeba ta 1951 ta ce wanda ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa da son ransa na iya rasa matsayinsa, kuma karɓar fasfo daga hannunta na iya zama hujjar haka. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ƙofarsa ita ce DAARA, hukumar gwamnatin Kodebuwa mai kula da 'yan gudun hijira da marasa ƙasa, ko ofishin HCR. Wannan yarjejeniyar ta tanadar masa takardar tafiya ta musamman a madadin fasfo. HCR ba ta karɓar ko dala. Wanda ya nemi kuɗi da sunanta, ɗan damfara ne.

Maganar aiki fa? Duk biza ko hatimin da ke cikin tsohon fasfo ya tafi da shi, sabo fari fat yake zuwa. Kwangilar aiki, takardun albashi da lambar CNPS ta asusun ma'aikata su ne za su nuna cewa mutum na aiki bisa doka. A sanar da maigida da wuri. Kuma kada a ba maigida fasfo ajiya, kome daɗin bakinsa. Kwafi ya ishe shi.

Za a sami masu cewa suna da hanya, takarda ta fito kwana biyu. Ta jabu ce, kuma wanda aka kama da ita kurkuku yake fuskanta.

Iyaye mata, ku ma da aikinku. Kafin yaro ya kama hanya, a ɗauki hoton shafin fasfo, katin rajista da takardar haihuwa, a tura wa ɗan uwa amintacce ta WhatsApp. A bar kwafi ɗaya a gida cikin leda, nesa da ruwa da gara.