Darasi: Wa ke kwana a tsohon ɗaki?

Darasinmu na yau a kan komin yake, da aikin da ke tsakaninmu da ita kafin ruwa ya sauka. A karanta sannu-sannu. Wanda ya riga ya gane ya bayyana ma na kusa da shi.

Mu fara da tuna damanar 2024. Ba wanda ya manta ta. Ruwa ya yi yawa ƙwarai a ƙasarmu. Gwamnati ta ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu. Fiye da mutum miliyan 1 da rabi abin ya shafa: wani ya rasa ɗaki, wani rumbu, wani gona, wani bisashe. Jihar Maraɗi ta fi kowace jiha rasa rayuka. A Damagaram, tsohon masallacin Birni, wanda ya fi shekara 150 a tsaye, ya rushe a farkon watan Satumba. Har komawa lakwal sai da aka ɗage ta zuwa 28 ga Oktoba, don azuzuwa da yawa sun cika da mutanen da ba su da wurin kwana.

Ga wani lissafi da ya kamata kowa ya rubuta a allonsa. A farkon Satumba na 2024, lokacin da mamatan suka kai 273, an raba su kashi biyu. Mutum 121 ruwa ya ci. Mutum 152 gini ne ya faɗa musu. Ku ɗebe 121 daga 152. Saura 31. To, kun gani. Waɗanda suka mutu a cikin gida sun fi waɗanda gulbi ya tafi da su. Muna tsoron gulbi, kuma daidai ne. Amma ɗakin da muke kwana a ciki shi ma abin dubawa ne.

Yanzu kowa ya tuna gidansu. Wa ke kwana a ɗakin da ya fi tsufa? Sabon ɗaki na amarya ne. Mai kwano na mai gida ne. Tsohon ɗakin nan na kusa da garke, wanda bangonsa ya tsage tun bara waccan, a gidaje da yawa na tsohuwa ne, ko na makaho, ko na majinyacin da ya daɗe a kwance. Ba mugunta ce ta sa ba. Tsohuwa da kanta takan ce a bar ta inda ta saba. Amma ran da bango ya fara ƙara cikin dare, saurayi tsalle ɗaya zai yi ya fita. Ita kuwa kafin ta laluba sandarta, an gama.

Mece ce komin, me ke kanta?

Ƙasarmu tana da jiha 8. Ban da Yamai, kowace jiha an raba ta gunduma-gunduma, kowace gunduma kuma komin-komin. Komin sun fi 260, mafi yawansu na karkara ne. Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram manyan birane ne, an yanka kowanne zuwa ƙananan yankuna. A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen da ya ba dukan komin kansiloli, su kuma suka zaɓi magajin gari daga cikinsu. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun nan, suka naɗa kantomomi su riƙe komin. Mai zama kan kujera ya sake, amma aikin bai sake ba.

Dokar 2010 ta zana ayyukan komin. A ciki akwai rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Akwai kasuwa da mahauta da tasha. Akwai tsabtar gari, kwashe shara da gyaran hanyoyin ruwa. Akwai kuma taimakon tsofaffi da naƙasassu da marayu da marasa galihu. Wannan na ƙarshe mutane da yawa ba su san da shi ba. Sun san komin ran da mai gari ya zo karɓar lanho, daga nan sai wata shekara.

Gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta: aljihun komin na karkara ba shi da nauyi. Kuɗinta daga lanho yake fitowa, da harajin kasuwa, da abin da gwamnati da masu taimako suka ƙara. Komin ɗaya tana iya ɗauke da garuruwa da rugage masu yawa, wasu tafiyar yini guda a amalanke. Ma'aikatanta kuwa ba su da yawa. Ba za su iya shiga kowane gida su duba bango ba. Ba su san sunan kakarka ba, sai in ka faɗa musu.

Yadda ginin ƙasa ke faɗuwa

Ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa, ko daga kai. In ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu ko uku, ƙasar tana jiƙa ta yi taushi kamar ƙullu. Saman bangon yana nan da nauyinsa, ƙasan kuwa ya daina ɗauka. Sai ya zauna. Wannan shi ne mutuwa daga ƙafa. Daga kai kuwa, indararo ne ke toshewa da ciyawa ko sheƙar tsuntsu. Ruwa ya taru bisa soro, ƙasar rufi ta sha ta yi nauyi. In gara ta riga ta ci azara, sai rufin ya sauko gaba ɗaya.

Shi ya sa ɗaki yakan faɗi bayan an ɗauke ruwa, mutane sun ce alhamdu lillahi sun koma barci. Ku lura da alamu. Tsaga mai ƙara faɗi. Ƙofa da ta daina rufuwa daidai. Ƙasa mai zubowa daga rufi kaɗan-kaɗan. Danshi da ya hau bango har gwiwa. In kun ga ɗaya daga ciki, a fitar da mai ɗakin a daren nan, ko yana so ko ba ya so. Bukkar kara ta fi soro mai tsaga. In bukka ta faɗi, ana ɗaga ta a fito da mutum da ransa.

Maganin sananne ne, kakanninmu sun san shi: yaɓe kafin damana, tara ƙasa a gindin bango don ruwa ya gangara waje, share indararo, sake azarar da ta ruɓe. Aikin rani ne. Amma da rani samari suna ci-rani, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Waɗanda suka komo, shuka suka tarar tana jiransu. Waɗanda ba su komo ba, sun bar uwa da mata da ƙananan yara. Wa zai kwaɓa ƙasa a wannan gida? In gari bai yi gayya ba, ba mai yi.

Ruwa ba ya manta hanyarsa

A manyan garuruwa komin tana gina lambatu don ruwa ya wuce. Mu kuma muna zuba shara a ciki. Leda ita ce babbar mai laifi. Tun 2014 aka yi dokar hana ledar nan mai laushi, amma ku dubi kowace kasuwa bayan an watse. Lambatu ya toshe, ruwa ya hau titi, daga titi ya shiga gidan wanda ke gangare. Sau da yawa mai zuba sharar yana tudu, ko ƙafarsa ba ta jiƙa ba.

A ƙauye ba lambatu, amma akwai hanyar ruwa. Tsofaffi sun san ta. Shekarun fari na 1973 da 1984 sun sa mutane sun ga kwari a bushe shekara da shekaru, suka yi gini a ciki. Yanzu ruwa ya komo yana neman hanyarsa. Mutanen Maraɗi sun san wannan labari tun da daɗewa. Tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake. Ambaliyar 1945 ta cinye shi, sannan aka hau da gari bisa tudu. A Yamai, a 2020, kogi ya karya madatsa ya shiga unguwannin bakinsa. Na bakin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, da na Ƙorama, da na Majiya, kowa ya tambayi dattawan garinsu inda ruwa ya taɓa kaiwa. Kafin ka sayi fili, ko ka karɓi wanda aka ba ka, ka yi wannan tambaya. In hukuma ta ce wuri kaza hanyar ruwa ce, kada a yi gardama don filin yana da araha.

Akwai kuma masu ƙetare ƙorama tana gudu, don sauri. Ruwan da ya kai gwiwa in yana da ƙarfi yana kayar da babban mutum. Yara masu kiwo da masu wanka a tabki, a ja musu kunne tun yanzu.

Aikin mai ilimi

To, ina amfanin karatunmu a cikin wannan magana? Ga shi.

In masifa ta auku, taimako ba ya zuwa haka kawai. Sai an ƙidaya. Mai gari ko mai unguwa ya kai sunaye komin. Komin ta kai gunduma, gunduma ta kai jiha. Da waɗannan takardu ake raba hatsi da tabarmi da barguna da gidan sauro. A garuruwa da yawa akwai kwamitin faɗakarwa, wanda aikinsa shi ne ya lura da halin gari ya sanar da komin da wuri. Ranar rabo, mai ƙarfi yana kai kansa, ya yi magana da babbar murya. Gurgu ba ya iya zuwa. Tsohuwar da ɗanta ke Libiya ba ta da mai tsaya mata. Wanda ba a rubuta ba, kamar babu shi ne.

Don haka kada a jira ranar kuka. Ajinku ya sayi kaye ɗaya. Ku tafi wajen mai gari ku gaya masa niyyarku, don aikin nasa ne, ku hannu ne kawai. A sa liman da shugabar mata a ciki. Mata sun fi maza sanin abin da ke cikin gidaje, sun san wadda ta kwana ba ta ci ba. Sannan a bi gari gida-gida.

A kowane shafi a rubuta sunan mutum da sunan mai gidan. A rubuta abin da ke damunsa: tsufa, makanta, ƙafa, ko doguwar jinya. A rubuta halin ɗakinsa: mai kyau, mai tsaga, ko yana kan hanyar ruwa. Sannan a rubuta sunan wanda ya ɗauki alkawarin zuwa gare shi in hadari ya taso cikin dare. Wannan layi na ƙarshe ya fi sauran nauyi. In an ce "kowa zai duba ta", ba wanda zai duba ta. A rubuta suna ɗaya, mai sunan ya amsa a gaban jama'a.

Wani zai ce wannan tonon asiri ne, ba ya son a rubuta cewa ɗakin uwarsa ya tsage. Yana da hujja, kunya ba laifi ba ce. A yi masa magana a keɓe. Kayen kuma kada ya yi yawo a dandali, ya zauna wajen mai gari.

Ga misali don lissafi. A ce garinku yana da gida 90. Kun sami mutum 24 masu bukatar a kula da su. Daga ciki, 9 suna kwana a ɗaki mai tsaga. In samari suna iya gyara ɗaki 3 kowace ranar gayya, kwana nawa ake bukata? Kwana 3. Juma'a uku ke nan, in an fara tun watan Afrilu an gama kafin shuka.

A kwafi takardar sau biyu. Ɗaya ta zauna a gari, ɗaya mai gari ya kai komin. A nemi a buga mata hatimi, a sa kwanan wata. A ƙasa ku rubuta abin da ya fi ƙarfinku: wurin da za a tsugunar da mutane in gidaje sun rushe, rijiyar da ke bukatar baki, gadar da ta fara cinyewa. Ban ce za a ba ku duka ba. Amma shugaban komin ya fi jin takarda mai sunaye da lamba bisa ga "muna cikin wahala" na baki. Kuma in shekara ta kewayo ba a yi kome ba, kuna da abin nunawa. Ku karɓi lambar salula ta komin da ta likita mafi kusa, ku rubuta a bangon kaye. A birane, lambar masu kashe gobara 18 ce, ta ƴan sanda 17.

Bayan ruwa ya janye

Kada a ce an huta. Ruwan da ya bi ta masai da juji yana shiga rijiya. A 2021 cutar amai da zawo ta kama fiye da mutum 5000 a ƙasarmu, fiye da 150 suka rasu, Maraɗi da Damagaram suna cikin jihohin da ta fi taɓawa. Tsoho da jariri ba su jure rashin ruwa a jiki, yini ɗaya yana iya isa. A tafasa ruwan sha ko a sa masa magani. Wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na likita, a ɗora shi a amalanke nan take. Kada a jira safiya. Sauro ma lokacinsa ne. In gidan sauro ya jiƙe ko ya yage, a ɗinke, a shanya, a fara rataya ma yara da masu ciki da tsofaffi.

Majinyacin da aka ɗauke daga ɗakinsa zuwa aji ko rumfa, kada a shimfiɗa shi a ƙasa mai danshi. A riƙa juya shi daga wannan gefe zuwa wancan sau da yawa a yini, don kada bayansa ya yi gyambo. Takardunsa da magungunansa a ɗaure su tun yanzu a rataya kusa da ƙofa, inda hannu zai kai cikin duhu.

A zama na gaba, kowane ɗalibi ya zo da sunan mutum biyu na unguwarsu, a rubuce da hannunsa, da halin ɗakin kowannensu. Malam zai duba rubutun, sannan a fara cika kaye.