Matasan da Suka Girmi Ajinsu

Duk sansanin 'yan gudun hijirar da ka shiga a yankin Tafkin Chadi, ba za ka rasa rumfar karatun ƙananan yara ba. Ga tabarma, ga allo, ga shuɗɗan jakunkuna masu tambarin UNICEF. Abin da za ka sha wahalar samu shi ne wurin zaman ɗan shekara 15. Ya wuce haɗa tabarma da 'yan shekara 6, bai kuma isa shiga sakandare ba, domin karatunsa ya tsaya cak a aji huɗu ranar da aka tashi garinsu. A kan irin waɗannan matasa nake aiki, tun ina ɗan sa-kai a ƙungiyar matasan unguwarmu har na zama malamin jami'a mai koyar da ilimin manya da raya al'umma, kuma su ne nake ganin an fi mantawa da su.

Rikicin Boko Haram ya faro ne a 2009, amma shekarar 2014 ce ta durƙusar da makarantu. A watan Fabrairu aka kashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi, a Maris gwamnatin Borno ta rufe makarantun sakandare da dama, a Afrilu aka sace 'yan matan Chibok, kafin damina ta wuce kuma Gwoza da Bama sun faɗa hannun maharan. Jama'a suka kwararo Maiduguri, azuzuwa suka koma ɗakunan kwana. Wasu suka tsallaka iyaka zuwa Minawao a Kamaru, ko Sayam Forage a jihar Diffa ta Nijar, ko Dar es Salam kusa da Baga Sola a Chadi bayan harin Baga na Janairun 2015. A 2017 UNICEF ta ce an kashe malamai sama da 2,295, an raba wasu 19,000 da muhallansu, an lalata makarantu kusan 1,400. Ba a gama da wannan ba sai ga 'yan bindiga a arewa maso yamma, har a 2019 dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere zuwa jihar Maraɗi ta Nijar.

Akwai wani yaro da na sani a bayan garin Maiduguri, mutumin wajejen Bama. Shekararsa 16, murya ta buɗe, gashin baki ya fara tsiro. Da aka kai shi firamaren unguwa sai aka sa shi aji uku, don iyakar abin da ya iya ke nan. Bencin ya yi masa kaɗan, sai ya riƙa miƙe ƙafafunsa ta gefe, kan hanyar da malami ke bi. Bai rufa wata ba ya daina zuwa. Na tarar da shi a bakin kasuwa yana tura baro, na ce, “Ɗana, me ya raba ka da makaranta?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, wallahi ba karatun na ƙi ba. Yaran ne suke ce mini Baba. In aka yi tambaya na kasa, ƙanina ne yake ɗaga hannu.” A rajistar makaranta an rubuta cewa ya gudu. Babu gurbin da ake rubuta kunya.

Ta 'yan mata ta fi tafiya shiru. Za ka gan su a inuwa, allura da zare a hannu, suna ɗinkin hula, aikin makonni a kan guda ɗaya. Daga nan sai manemi ya fito, uban kuwa ba gona ba garke, sai ka ji an sa rana. Ni kafin in zargi uban nan, sai na fara tambayar wace makaranta aka nuna masa da za ta karɓi 'yarsa a shekarunta.

Dalilin da ya sa aka bar su a baya, kuɗi ne da yadda ake lissafa nasara. Tallafin gaggawa na 'yan watanni ne, da wuya ya wuce shekara, mai bayarwa kuma kawuna yake son a ƙirga masa. Rumfa ɗaya da malami ɗaya sun ishi yara da yawa 'yan aji ɗaya. Sakandare kuwa sai da malamin lissafi daban, na kimiyya daban, ga kuɗin jarrabawa, ga shekarun da sai an jira kafin a ga sakamako. Rahoton Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a cikin yaran da suka tsallaka iyaka, kashi 65 cikin 100 ne ke firamare, kashi 42 a sakandare, kashi 7 kacal a manyan makarantu. Na sha jin jami'ai a wurin taro suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wato a tattara ƙarfi kan ƙanana. Ban yarda ba. Ɗan shekara 15 da ya sha gwagwarmaya ya fi ɗan shekara 7 saurin kama karatu idan aka koya masa da mutunci, shi ne kuma wanda masu ɗaukar makami da dillalan ƙwaya ke zawarci.

Wanda ya tsallaka iyaka yana da ƙarin matsala. Yaron Sabon Birni da ya sauka a ƙauyukan Gidan Rumji na jihar Maraɗi ba ya buƙatar tafinta a kasuwa ko a masallaci, amma da ya shiga aji sai ya tarar da Faransanci a kan allo. A Minawao abin ya ɗan zo da sauƙi, domin Kamaru na da tsarin karatu na Ingilishi. A Diffa sai da aka buɗe cibiyoyi na musamman inda ɗalibai ke bin manhajar Najeriya. Sai maganar takarda. Mutumin da ya fito da kayan jikinsa kaɗai cikin dare, a ce ya kawo takardar haihuwa da ta canjin makaranta! Na ga uwa tsaye a ƙofar ofishin wani hedimasta tana cewa, “Ranka ya daɗe, makarantar ma an ƙone ta, wa zai ba ni takardar?” Alhali sashe na 22 na yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ya ba ɗan gudun hijira haƙƙin karatun firamare daidai da ɗan ƙasa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaron Najeriya karatun shekara tara kyauta. Hedimasta na iya zaunar da yaro ya gwada karatunsa da lissafinsa, ya ba shi aji, takarda ta biyo baya.

Hanyar gyara tana nan a rubuce. Hukumar tsara manhaja ta Najeriya, NERDC, ta fito da shirin karatun gaggawa na 'yan shekara 10 zuwa 18, wanda ke dunƙule karatun shekara tara cikin matakai uku, daga nan ɗalibi ya koma makarantar gwamnati ko ya kama sana'a. Abin da na gani a wurin aiki shi ne, manhajar kaɗai ba ta riƙe ɗalibi. Sai an haɗa shi da tsaransa. Sai an sa lokacin karatu bayan la'asar, sa'ad da ya dawo daga nema, domin da yawansu su ne ke ciyar da gida. Sai an bar mai goyo ta shigo da goyonta, an kuma je an gaida mijinta an nemi yardarsa. Malaman da suka fi riƙe aji su ne waɗanda aka ɗauka daga cikin waɗanda suka yi gudun, masu jin Kanuri da Larabcin Shuwa da Fulatanci, da suka san abin da ƙarar babur cikin dare ke tuna wa yaro. Alarammomi ma, in an je musu da girmamawa, su ne ke turo almajiransu da kansu. Rabon keken ɗinki da injin niƙa yana da amfani, amma matashin da bai iya karanta rasit ko lissafa riba ba, da wuya jarin ya kai shi baɗi. Kuma duk shirin da bai ƙare da shaidar da wata makaranta za ta karɓa ba, an ɓata wa yaro lokaci ne.

Tun daga 2021, da gwamnatin Babagana Umara Zulum ta fara rufe sansanonin cikin Maiduguri irin su Bakassi, nauyin ya ƙara komawa kan unguwanni. Dama can mafi yawan waɗanda rikicin ya kora ba a sansani suke ba, suna gidajen dangi ne da na haya da kangaye. Mai unguwa da liman da shugabar mata sun fi kowace ƙungiya sanin gidan da ke da matashi zaune. Daga wurinsu ya kamata ƙidaya ta fara.

Mu na jami'a kuma akwai bashi a kanmu. Wani dattijo ya taɓa ce wa ɗalibaina, “'Ya'yana, kullum ana zuwa da biro da takarda, mu faɗa a rubuta, ba mu ƙara jin labari.” Shi ya sa duk ɗalibin da nake duba bincikensa, sharaɗina shi ne ya koma wurin mutanen ya karanta musu abin da ya gano cikin harshensu kafin ya kare kundinsa. Mai sha'awar wannan fanni, akwai sassan da ke koyar da shi, kamar sashen ilimin manya da hidimar al'umma na Jami'ar Bayero, amma ina ba shi shawara ya fara koyar da ajin yamma a unguwarsu, ya kuma koyi Faransanci ko Kanuri, domin aikin ba ya tsayawa a bakin iyaka.

Akwai kuma giɓin da jami'o'i da hukumomin tallafin karatu na jihohi za su iya cikewa. Shirin DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta kafa a 1992, yana biya wa 'yan gudun hijira karatun jami'a, ana kuma fatan kashi 15 cikin 100 nasu su kai manyan makarantu nan da 2030. Sai dai wannan na wanda ya tsallaka iyaka ne. Yarinyar Gwoza da ta tsaya a Yola ko Kano ba ta ciki, ko da ta ci jarrabawar JAMB. Ware wa irinta gurbi da kuɗin rajista ba ya buƙatar izinin kowa daga waje, majalisar jami'a da kwamishinan ilimi sun isa su zartar.