Ciwon Kan Da Ke Zuwa Da Agogo

Jama'ar Tudun Wada, akwai wani ciwon kai da likitoci ke kira kilasta. Yakan soki gefe ɗaya, a bayan ido, ido ya yi ja yana hawaye, hanci ya toshe, mutum ya kasa zama. Yakan ɗauki minti 15 zuwa awa 3, yawanci da dare kuma a lokaci guda, ya jera makonni, sannan ya lafa na watanni.

Masana suna danganta shi da sashen ƙwaƙwalwa mai kula da barci da farkawa. Ya fi kama maza 'yan shekara 20 zuwa 40, da mashaya sigari, kuma yakan bi jini.

Idan kana cikin zangon ciwon, kauce wa warin fetur wajen 'yan bumburutu, da sabon fenti, da turare mai ƙarfi, da zafin ranar bazara. Giya tana tayar da shi nan take. Tsayar da lokacin kwanciya ɗaya, domin ko barcin rana yakan taso da shi ga wasu. Riƙa rubuta ranar da ya zo da abin da ka yi kafin nan.

Farasitamol ba ya cim masa. Je asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba; ana magance shi da iskar oksijin da allura da maganin rigakafi. In ciwon ya zo da zazzaɓi, sanƙarar wuya ko shanyewar gaɓa, garzaya asibiti ba jinkiri.

Allah ya ba mu lafiya.