Maƙoƙon da ya gangara ƙirji

Mun samu wasiƙa daga Funtuwa, wata baiwar Allah ce ta ce a sakaya sunanta. Ta ce mahaifiyarta ta daɗe tana fama da maƙoƙo, kwanan nan sai suka ga kamar ya saɓe, har suna murna. Amma da zarar ta ɗaga hannu za ta yi shanya, sai fuska ta kumbura, jijiyoyin wuya su fito raɗa-raɗa, numfashi ya yi mata wuya. Tana tambaya ko hawan jini ne.

To Malama, Allah Ya ba Inna lafiya. Wannan bayani naki ya ɗaga mini hankali, domin ba kullum ne raguwar maƙoƙo a ido ke nufin sauƙi ba. Wani lokaci gangarawa yake yi ta bayan ƙashin ƙirji, inda ido ba ya gani. Ƙofar nan da ke tsakanin wuya da ƙirji matsattsiya ce, ƙashi ya kewaye ta, ga bututun numfashi, ga hanyar abinci, ga manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga kai da hannuwa zuwa zuciya, duk ta nan suke bi. Idan Inna ta ɗaga hannu sai wurin ya ƙara matsewa, maƙoƙon ya toshe shi kamar yadda ake toshe bakin kwalba, jini ya taru a sama ya rasa hanyar sauka. Wani likitan Ingila, Hugh Pemberton, shi ya bayyana wannan alama a 1946, kuma har yau likitoci na sa majinyaci ya ɗaga hannuwa biyu su taɓa kunnuwa na kamar minti ɗaya, suna kallon fuska da wuya. Ku bar wa likita wannan gwaji.

A kai ta babban asibiti cikin makon nan. Za a duba jini, a ɗauki hoton wuya da ƙirji. Maganinsa yawanci tiyata ne, kuma galibi ta wuya ake ciro shi ba sai an buɗe ƙirji ba. Mai yiwuwa bayan aikin a ɗora ta kan ƙwayar da za ta riƙa sha kullum.

Kin kuma tambaya ko gishiri mai sinadarin aidin zai narkar da shi. Wannan rigakafi ne, ku ci gaba da amfani da shi saboda yara, amma ba zai janye wanda ya riga ya danne jijiya ba.

Don Allah kada a kira wanzami ya yi tsaga ko sakiya, wurin cike yake da jijiyoyin jini. In kuwa kin ji numfashinta na ƙara, ko ta kasa kwanciya rigingine, ko da tsakar dare ne ku nufi asibiti, kada ku jira gari ya waye.