Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Darasi a Kan Mabuɗin Sirri

Idan muka je kasuwa sayen kwaɗo, mukan sa mabuɗi mu murɗa, in ya buɗe mu biya kuɗi mu tafi. Kaɗan ne daga cikinmu suke tambaya ko mabuɗin maƙwabci ma zai buɗe shi. A wannan darasi za mu duba yadda masu rubuta manhaja suke gwada mabuɗan da ke tsare wasiƙu a intanet, domin su ma wannan tambaya ce take gabansu.

Makulli da mabuɗi

A shekarar 1991 wani Ba'amurke mai suna Phil Zimmermann ya fitar da manhajar PGP, wadda take rikiɗa wasiƙa ta koma tarkacen haruffa, sai wanda aka aika wa kaɗai zai iya karantawa. Daga ita aka samo ƙa'idar OpenPGP, wadda aka sabunta a 2007 da kuma 2024. Akwai taskar shirye-shirye mai suna OpenPGP.js da take yin wannan aiki a cikin burauza, wato manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita. Kamfanin Proton na ƙasar Suwizalan ne yake kula da taskar.

Taskar takan ƙera wa mutum abubuwa biyu a tare. Na farko makulli, wanda ake raba wa kowa domin a kulle wasiƙar da za a aiko masa. Na biyu mabuɗi, wanda mai shi kaɗai yake riƙewa. To, in ɓarawo ya sace kwamfutar fa? Shi ya sa ake kulle mabuɗin kansa da jimlar sirri. Ba a ajiye jimlar a ko'ina. Akan gauraya ta da wasu lambobin ƙuri'a da masana suke kira gishiri, a yi ta niƙa su da lissafi sau da yawa, abin da ya fito shi ake kulle mabuɗin da shi. Yawan niƙan yana ɓata wa mai canke lokaci a kowane ƙoƙari. Amma mu lura, wanda ya manta jimlarsa babu mai iya dawo masa da ita.

Gwaje-gwaje biyar

1. A ƙera mabuɗi da jimlar sirri, sa'an nan a nemi yin aiki da shi ba tare da an ba da jimlar ba. Dole ne taskar ta ƙi.

2. A ba da jimlar daidai. A kulle gajeriyar wasiƙa da makulli, a buɗe ta da mabuɗi, a kwatanta ta da ta asali harafi bayan harafi.

3. A ba da jimlar da ba daidai ba: a canja harafi ɗaya, a mai da ƙaramin baƙi babba, a kuma bar wurin babu komai. Kowane lokaci dole ne a ga an hana. Wannan shi ne gwada mabuɗin maƙwabci, kuma shi ne mai gaggawa yakan tsallake.

4. A ajiye mabuɗin a fayil, a rufe burauza, a sake ɗauko shi, a buɗe. A kuma gwada shi a wata manhaja mai bin ƙa'ida ɗaya, kamar GnuPG. A nan ya kamata mu masu rubutu da Hausa mu kula. A wurin kwamfuta ƙ dabam, k dabam, haka ma ɗ da d. Wanda ya sa “ƙofa” a jimlarsa, ya zo ya buga “kofa” a wata na'ura, mabuɗinsa ba zai buɗe ba. Saboda haka mai gwaji nagari yakan sa irin waɗannan haruffa cikin gwajinsa.

5. A ƙera mabuɗi sau biyu da suna ɗaya da jimla ɗaya. Dole ne su fito dabam, domin daga lambobin ƙuri'a ake ƙera mabuɗi, jimlar kuwa gadinsa kawai take yi.

Abin da gwaji ba ya gani

Ko an ci duka biyar, aiki bai ƙare ba. A 2006 masu kula da tsarin kwamfuta na Debian suka cire ɗan rubutu daga wata taska dabam, OpenSSL, domin wata manhajar bincike tana ta yin ƙorafi a kansa. Ashe ta nan ne lambobin ƙuri'a suke shiga. Daga nan mabuɗan da za su iya fitowa na kowane iri ba su wuce 32,768 ba, adadin da kwamfuta za ta bi ɗaya bayan ɗaya ba wuya. Mabuɗan suna kullewa suna buɗewa lafiya lau, kuma in an ƙera biyu galibi sukan bambanta. Sai a watan Mayu 2008 aka sanar da duniya, bayan Luciano Bello ya gano matsalar, aka shiga sauya mabuɗai. Shi ya sa, ban da gwaji, ake bukatar wasu idanu su karanta rubutun manhajar, su tabbatar cewa daga amintaccen tushen da burauza ta tanada ake ɗebo lambobin ƙuri'a.

Namu rabon aikin

Taska mai kyau ba za ta ceci jimla mai rauni ba. Lambobi huɗu hanyoyi 10,000 kawai suke da su. Amma a tsarin Diceware na 1995, inda ake jefa ƙuri'a a zaɓi kalmomi daga jerin 7,776, kowace kalma da aka ƙara tana ninka aikin ɓarawo sau 7,776. Don haka mu guji sunanmu, da ranar haihuwarmu, da sanannen karin magana. Mu zaɓi kalmomi shida da ba su da dangantaka da juna, mu haddace su.

Tambayoyi don nazari

1. Me ya sa gwaji na uku ya zama dole, ko da na biyu ya yi nasara?
2. Don me gwaji na biyar zai iya kasa kama matsalar Debian?
3. Kalmomi biyu daga jerin 7,776 hanyoyi nawa suke bayarwa? Ku nuna lissafinku.