Darasi Na 14: Wiwi Da Mantuwa

Abin da mutum ke riƙewa a ka iri biyu ne. Akwai tsoho, kamar sunan kakanka da iyakar gonarka. Akwai sabo, kamar saƙon da aka ba ka ɗazu. Sabon nan shi tabar wiwi ke ɓatawa.

Cikin wiwi akwai wani sinadari, likitoci suna kiransa THC. In an sha, yakan bi jini ya hau ƙwaƙwalwa, ya dama wurin da ake ajiye sabon abu. Sai a aiki mutum ya sayo gishiri da ashana da sabulu, ya isa kasuwa ya manta biyu.

Mai sha kullum shekara da shekaru, mantuwa takan bi shi ko ran da bai sha ba. Baƙin da ya koya jiya, yau ya zube kamar ruwa a kwando. Yaro ya fi babba cutuwa, gama ƙwaƙwalwa ba ta ƙare girma sai wajen shekara 25.

Amma kada a fid da rai. Wanda ya bari, cikin 'yan makonni riƙonsa yakan fara komowa.

Tambayoyi
1. Wane irin riƙo wiwi ke ɓatawa?
2. Don me yaro ya fi babba cutuwa?